Gyaran Hotuna na Sari: Amfaninsa da Haɗarinsa

Jawabi ga masu sana'ar ɗaukar hoto da sauran jama'a, musamman mazauna Agege da sauran unguwannin Hausawa na birnin Ikko



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a yi wa jama'a bayani a kan wata dabara da ta shigo cikin sana'ar hoto tun sa'ad da kwamfuta ta karɓi aikin ɗakin duhu, watau dabarar gyara hotuna masu yawa gaba ɗaya da umarni guda. Masu sana'ar sun san ta, da yawansu kuwa da ita suke cin abinci. Amma mutumin da ya zauna gaban kyamara, ya biya kuɗinsa, ya karɓi hotonsa, galibi bai san abin da ya auku tsakanin zamansa da karɓarsa ba. Ya kamata kuwa ya sani, gama a zamanin nan hoton fuska ya zama shaida, kuma da shi ake shiga jarrabawa, da banki, da aiki, da ƙasashen waje, har da Ƙasa Mai Tsarki. Hoton da aka ɓata yana iya jawo wa mai shi asarar kuɗi da lokaci, wani sa'in ma asarar shekara guda.

AGEGE DA BUKATAR HOTO

Sanin kowa ne cewa goro da jirgin ƙasa su suka zaunar da Hausawa a Agege. Hanyar jirgin da ta tashi daga Ikko ta bi ta Agege, ta isa Ibadan a 1901, ta kai Kano a 1912. A wannan zamani kuwa manoman Agege suka dage da shukar goro, sai fatake suka riƙa sauka Zango suna saye, suna ɗaure huhu, suna aikawa Arewa. Daga baya 'yan shanu da mahauta da 'yan gwari da masu sana'o'i iri-iri suka biyo sawu, unguwa ta cika ta batse, aka kuma sami irinta a Idi-Araba, da Obalende, da Mile 12, da Alaba Rago.

Sana'ar hoto ma tsohuwa ce a Ikko. Tun a 1895 George Da Costa ya buɗe shagon hoto a birnin, shi ne kuma ya ɗauki hotunan aikin shimfiɗa hanyar jirgin. Amma a wancan lokaci hoto abin manya ne da masu hali. Yau kuwa ba wanda zai kuɓuce masa. Ƙungiyar 'yan kasuwa tana son katin shaida ga kowane ɗan ƙungiya. Makarantar boko tana son hoton kowane yaro domin rajistar jarrabawa. Islamiyya tana da bikin sauka, gidaje suna da aure da suna, maniyyata suna da takardun da za su cika. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mai hoto guda ya wayi gari da hotuna ɗari biyar ko dubu cikin kwamfutarsa, kowane mai hoto kuwa yana son nasa kafin Azahar.

DAGA ƊAKIN DUHU ZUWA KWAMFUTA

Dattawan wannan sana'a sun tuna zamanin fim, lokacin da ake shiga ɗakin duhu da jan fitila, a tsoma takarda cikin ruwan magani, a jira sura ta fito, a ɗauraye, a shanya. Aiki ne na haƙuri, fim ɗaya kuma ba ya wuce hoto 24 ko 36.

A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak a Amurka, mai suna Steven Sasson, ya harhaɗa kyamarar farko wadda ba ta bukatar fim. Hotonta baƙi da fari ne, ɗigo 10,000 kawai gare shi, kuma sai ta yi sakan 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset. Daga wannan ɗan ƙaramin mafari abu ya yi ta bunƙasa. A 1990 kamfanin Adobe ya fitar da manhajar Photoshop, a 1992 kuma aka amince da tsarin JPEG na matse hoto domin ya rage cin wuri. Kafin a ankara fim ya zama tarihi a yawancin shaguna, har shi kansa kamfanin Kodak ya kai kansa kotu a 2012 yana neman kariya daga masu binsa bashi.

Abin da ya kamata a gane shi ne, hoton kwamfuta lissafi ne. An yi shi da ɗigo miliyoyi, kowane ɗigo kuma yana da lambobi uku, ɗaya ta ja, ɗaya ta kore, ɗaya ta shuɗi, a bisa al'ada daga 0 zuwa 255. In an ce an ƙara wa hoto haske, ana nufin an ɗaga waɗannan lambobi. In an ce an rage girmansa, ana nufin an haɗe ɗigo da yawa sun koma kaɗan. Tun da yake kuwa lissafi ne, na'ura tana iya maimaita shi sau dubu ba gajiya, ba ƙosawa.

MENE NE GYARAN SARI?

Ɗan kasuwa ya san bambancin sari da sayen ɗai-ɗai. Haka abin yake ga hoto. Gyaran ɗai-ɗai shi ne mai hoto ya buɗe hoto guda, ya datse gefensa, ya daidaita haskensa da launinsa, ya rage girmansa, ya sa masa suna, ya ajiye, sa'an nan ya buɗe na biye ya sake daga farko. Gyaran sari kuwa shi ne ya yi wannan aiki sau ɗaya tak, manhaja tana rubuta kowane mataki bi da bi, sa'an nan ya nuna mata jakar da sauran hotunan suke, ya ce ta yi musu abin da ya yi wa na farko.

Photoshop ta sami wannan dabara a 1996, masu ita suka sa mata suna Actions. A 2007 Adobe ya fitar da Lightroom, wadda aka gina musamman domin masu hotuna da yawa, kuma ita ba ta taɓa ainihin hoton, sai dai ta ajiye jerin gyare-gyaren a gefe. Wanda ba shi da halin biyan kuɗin waɗannan kuwa ba a bar shi a baya ba. Akwai ImageMagick, wadda aka sake wa jama'a a 1990, da GIMP, dukansu kyauta ne ga kowa. Akwai kuma IrfanView, wadda ta fito a 1996, ƙarama ce, tana aiki ko a tsohuwar kwamfuta irin wadda ake samu da rahusa a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, amma mai amfani da ita domin kasuwanci sai ya biya lasisi.

Amfanin abin a fili yake in an yi lissafi. Alal misali, a ce makaranta ta kawo yara 600, kowane hoto kuma yana cin minti 2 a hannu. Jimla minti 1,200 ke nan, watau awa 20, kwana biyu da rabi na aiki ba ɗaga kai. Da gyaran sari, wannan aiki ba zai kai awa guda ba a kwamfuta mai lafiya. A garin da wutar lantarki take zuwa ta tafi, man janareta kuma yake da tsada, awa 19 da aka tsimin nan kuɗi ne a aljihun mai shago, sauƙi ne kuma ga mai saye. Bugu da ƙari, aikin yakan fito bai ɗaya, ba a sami wani kati da babban kai, wani da ƙarami ba.

Ga irin ayyukan da suka dace da sari. Na farko, rage girma da nauyin hoto domin shafukan intanet na hukumomi, waɗanda sukan ƙi karɓar fayil in ya wuce iyaka. Na biyu, sauya sunayen hotuna su bi jerin lamba. Na uku, buga tambarin shago a kan hotunan biki. Na huɗu, jera hotunan fasfo a kan takarda. Takarda mai inci 4 da 6 tana ɗaukar hoto 8 masu milimita 35 da 45, ko kuwa hoto 6 masu inci 2 da 2. Duk waɗannan ayyukan awo ne, ba su bukatar hukunci, na'ura kuwa ta fi mutum iya awo.

INDA HAƊARIN YAKE

Amma na'ura ba ta gani, ba ta kuma san kowa ba. Abin da aka gaya mata shi take yi, ko daidai ko kuskure. Mai gyaran ɗai-ɗai in ya yi kuskure, hoto guda ya ɓata. Mai gyaran sari in ya yi kuskure guda, ya ɓata 600 cikin minti kaɗan. Haɗarin ya kasu kashi huɗu.

Na farko shi ne haske da launin fata. Ma'aunin hasken kyamara yana ɗaukar cewa duk abin da ke gabansa matsakaici ne, ba fari ƙal ba, ba baƙi wuluk ba. Saboda haka in dattijo ya sa farar babbar riga da farin rawani, ya tsaya gaban farin ƙyalle, sai kyamara ta rage haske, fuskarsa ta dushe. In kuwa wani ya sa baƙar riga, sai ta ƙara, fuska ta ƙone. Gyara guda ba zai yi wa waɗannan biyu daidai ba. Haka kuma hoton da aka ɗauka ƙarƙashin jar rumfar biki, da wanda aka ɗauka a tsakar rana, da na ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, kowanne da launin da yake rinjayarsa. Wannan matsala tana da tarihi. Tun daga shekarun 1950 masu wankin hoto suke daidaita injinansu da wani kati na Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya, sai a shekarun 1990 aka fito da katin da ya haɗa mata masu launin fata iri-iri. Har yau da yawa daga shirye-shiryen gyara da ake saukowa da su daga intanet ba da baƙar fata aka auna su ba. Mai hoton da ya ɗora su a kan jama'arsa ba tare da gwaji ba, zai fitar da fuskoki masu launin toka, ko kuwa ya mai da wankan tarwaɗa fari.

Na biyu shi ne gyaran kamanni, wannan kuwa shi ne mafi muni. Manhajojin zamani suna iya sulɓe fata, su share tabo, su sirance hanci, su buɗe ido, duk da taɓawa guda. A hoton amarya wannan ba laifi ba ne in ta so. A hoton shaida kuwa ɓarna ce. Na'ura ba ta bambanta ƙurji da bille ba, ba ta san tsagar gado ba, duka a wurinta datti ne da za a goge. Alhali kuwa waɗannan alamu suna cikin abin da jami'i yake dubawa ya gane mutum.

Ya kamata a san cewa hoton fasfo yana da ƙa'ida ta duniya, wadda Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, watau ICAO, mai hedkwata a Montreal ta ƙasar Kanada, ta shimfiɗa. Nijeriya ta fara ba da fasfo mai ƙwaƙwalwar lantarki a 2007, hoton mai fasfon kuwa yana cikin wannan ƙwaƙwalwa, na'urorin filayen jiragen sama suna gwada shi da fuskar da ke tsaye gabansu. A shekarar ce kuma aka yi dokar da ta kafa Hukumar NIMC mai ba da lambar shaidar ɗan ƙasa. A 2011 Hukumar Zaɓe ta yi rajistar masu jefa ƙuri'a da hoto da zanen yatsu, a 2014 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN, a babban zaɓen 2023 kuma na'urar BVAS ta tantance masu zaɓe da yatsa ko da fuska. A irin waɗannan ofisoshi jami'ai ne suke ɗaukar hoton da kansu. Amma wannan yana nufin cewa ainihin fuskar ɗan ƙasa tana ajiye a wurin hukuma, duk hoton shagon da ya saɓa mata kuwa zai jawo tambaya. Daga farkon 2024 mai neman fasfo yana ɗora hotonsa ta intanet, kuma tilas ya dace da ƙa'idar ICAO. Ofishin jakadancin Amurka yana son hoton biza mai inci 2 da 2, wanda aka ɗauka cikin wata 6 da suka wuce, ba tabarau, ba kuma gyaran da ya sauya kamanni. Wanda ya kai hoton da aka sulɓe, ba abin da zai hana a mayar da shi.

Na uku shi ne datse gefe da share bango. Mutane ba tsawonsu ɗaya ba. In an auna datsa da kan dogon yaro, aka ɗora wa gajere, sai a sami hoto rabinsa bango, haɓa kuma ta fita waje. Manhajar da ke mai da bango fari kuma takan ruɗe in ta gamu da farin hijabi ko farar hula, ta cinye gefensu tare da bangon, har ta taɓa kunci. Ƙa'idar duniya ta yarda da lulluɓin kai domin addini, muddin fuska ta bayyana daga haɓa zuwa goshi. Saboda haka ba daidai ba ne a tilasta wa mace cire hijabinta domin sauƙin na'ura. Abin da ya fi shi ne a shawarce ta ta sa mai launi, a kuma ɗauki hoton gaban tsabtataccen bango tun farko.

Na huɗu shi ne sunaye. Kyamara tana ba hotuna lamba, wani sa'in kuma takan koma daga farko, sai hoto biyu su zo da suna ɗaya, sabo ya hau kan tsoho ya shafe shi. Wanda ya fi wannan muni shi ne zamewar jeri. In yaro ɗaya bai zo ranar hoto ba, aka manta aka bar sunansa cikin jerin, to duk wanda ke bayansa zai ɗauki sunan wani. Takardar shaidar jarrabawar WAEC tana fitowa da hoton mai ita. Yaron da hoton wani ya hau takardarsa zai sha wahala da kashe kuɗi kafin a gyara, wataƙila kuma damar shiga makarantar gaba ta wuce shi a wannan shekara, ba don ya faɗi ba.

ƘA'IDOJI GA MAI SANA'A

Dillalin goro yana saye da huhu, amma ba ya aikawa Kano sai ya kwance ya tsince, domin ya san ƙwaya guda mai sankara tana lalata sauran. Wannan tarbiyya ita ake nema ga mai hoto. Ga ƙa'idoji bakwai.

1. Kada a taɓa ainihin hoton. A yi kwafi, a yi aiki a kan kwafin, a kuma sa manhaja ta zuba sakamako cikin wata jaka dabam. Tsarin JPEG yana zubar da wani abu daga hoto duk sa'ad da aka gyara aka sake ajiyewa, abin da ya zube kuwa ba ya dawowa.

2. A gyara tun wajen ɗauka. Bango ɗaya, fitila ɗaya, kujera a wuri ɗaya, kyamara a kan ƙafarta. Hotunan da aka ɗauka bai ɗaya su ne suke karɓar gyara bai ɗaya.

3. A rarraba kafin a gyara. Na rana dabam, na inuwa dabam, masu fararen kaya dabam.

4. A gwada da hoto goma tukuna, a haɗa da mafi duhun fata da mafi haske, da mafi tsawo da mafi gajarta. In goman sun yi kyau, sai a saki sauran.

5. A ware jerin umarnin biki daga na hoton shaida, kowanne da sunansa a fili. A na shaida kada a sa komai sai awo da daidaita haske.

6. A sa kowane mutum ya riƙe allo mai lambarsa a hoton farko, sa'an nan a ɗauki na biyu ba allo. Da haka jeri ba zai zame ba.

7. Bayan na'ura ta gama, a duba kowane hoto da ido, a gwada suna da fuska tare da malamin aji ko sakataren ƙungiya, kafin a buga ko a aika.

AMANA DA DOKA

Akwai sauran magana guda. Kwamfutar mai hoto cike take da fuskokin matan aure da 'yan mata da yara ƙanana, wannan kuwa amana ce. Kowane hoto yana ɗauke da wani ɓoyayyen rubutu da ake kira Exif, mai nuna rana da sa'a da irin kyamara, in kuwa da wayar hannu aka ɗauka, sau da yawa har da ainihin wurin da aka tsaya. Gyaran sari yana iya share wannan rubutu daga hotuna dubu gaba ɗaya kafin a watsa su, ya kuwa kamata a yi hakan ga duk hoton da aka ɗauka cikin gida.

A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki. A ƙarƙashinta hoton da ake gane mutum da shi yana cikin bayanansa na kansa, wanda ya karɓa domin wata bukata kuma ba shi da ikon juya shi ga wata bukatar dabam yadda ya ga dama. Saboda haka liƙa hoton matar wani a ƙofar shago domin talla, ko ɗora shi a Facebook ba da izini ba, ko sayar da tsohuwar kwamfuta ba a goge ta ba, duka abubuwa ne da mai sana'a nagari zai guje musu.

GA MAI ZUWA ƊAUKAR HOTO

Shi ma ɗan ƙasa yana da nasa aikin. Ya gaya wa mai hoto abin da zai yi da hoton, gama awon biza dabam yake da na makaranta. Ya ce a fili ba ya son a taɓa masa fuska. In an miƙo masa, ya duba da kyau tun yana cikin shagon, ya tabbata billensa da tabonsa da launinsa suna nan. Kada kuma ya roƙi a ƙara masa fari ko a rage masa shekaru, domin jami'in da zai duba ba kyau yake nema ba, kama yake nema. Iyaye kuma su nemi ganin takardar rajistar 'ya'yansu kafin makaranta ta aika, su duba suna, su duba hoto.

Ana roƙon sarakunan Hausawa, da limamai, da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, da hedimastoci, su isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su sami halarta ba, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. Ana kuma kira ga manyan masu sana'ar su koya wa yaransu waɗannan ƙa'idoji tun ranar da suka fara zama gaban kwamfuta, kamar yadda aka koya musu haƙurin ɗakin duhu.

Allah ya sa albarka cikin sana'o'in jama'a, ya ba ƙasar nan lafiya da zama lafiya, amin.